Ɗaurin Aure Ko Noman Firi? Amsoshin Wasiƙunku Kan Tagwayen Kalmomin Turanci

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki. Kusan duka a kan kalmomin Turanci ne masu kama da juna a rubuce, waɗanda harafi ɗaya tak ya raba amma ma'anarsu ta yi hannun riga. Na tsamo guda shida. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma datse gaisuwa, don akwai wanda ya cinye rabin shafi yana tambayar lafiyar iyalina kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

Daga wani mai shago a Samaru, Zariya

*Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da littattafan rubutu da biro da takardu kusa da ƙofar jami'a. Na biya mai fenti ya rubuta mini allo, STATIONARY STORE. Wata uku allon na rataye, sai ga wani lakcara ya zo sayen ambulan, ya ɗaga kai ya yi dariya, wai na rubuta shagona ba ya motsi. Da gaske ne, ko tsokana ce?*

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gaskiya ya gaya maka, ko da yake da ya rage dariyar da ya fi kyauta. *Stationary* mai "a" kusa da ƙarshe tana nufin abin da ya tsaya cak. Tirelar da ta mutu a Kwangila ta kwana uku a gefen titi, ita ce *stationary*. Kayan da kake sayarwa kuwa *stationery* ne, da "e". A baki faɗarsu ɗaya ce sak, ko Bature ba ya raba su da kunne, don haka kada ka je ka ci kwalar mai fenti.

Abin da lakcaran bai gaya maka ba shi ne, kalmomin nan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu daga wata kalmar Latin suka fito mai nufin tsayawa. Ita ce ta haifi *station*, wadda mu muka karɓa muka murɗe ta zama tasha. A Turai, tun kafin a ƙirƙiro injin ɗab'i, yawancin masu ƙananan haja 'yan koli ne, yau suna wannan kasuwa gobe suna waccan. Masu sayar da littattafan da aka kwafa da hannu su ne suka kafa rumfa wuri ɗaya, galibi a gindin jami'o'i irin na Oksfod da Faris, inda ɗalibai za su same su kullum. Sai aka riƙa kiran irin wannan mutum mai tsayayyen wuri, wato mai tasha, abin da ya zama *stationer* a Turanci. A Landan har ƙungiya suka kafa a 1403, sarauta ta ba ta takardar amincewa a 1557. Hajar *stationer* ita ce *stationery*. Ka ga ashe kai da ka kafa shago a bakin ƙofar jami'a, sana'ar ka gada har da mazauninta.

In kana son abin tuni, dubi *paper*: da "er" ta ƙare, kuma "er" ɗin nan ce a cikin *stationery*. Ba sai ka sake allo ba. A shafe A ɗin ƙarshe a ɗora E, aikin minti goma ne. Allah ya sa shagon ya tsaya da ƙafarsa, kaya su yi ta motsi.

Daga wata ɗaliba a unguwar Kongo, Zariya

*Baba Malam, na rubuta wa malaminmu takardar roƙo, na ce "I don't want to loose this semester, please advice me." Na buga ta a kwamfuta, ba ta ja jan layi ko ɗaya ba. Shi kuwa ya zagaye kalmomi biyu da jan biro ya dawo mini da ita. Wa ya fi gaskiya, shi ko kwamfutar?*

'Yata, malaminki. Jan layin kwamfuta kamar maigadi ne mai riƙe da rajista: in sunan mutum na ciki sai ya buɗe masa ƙofa, ba ruwansa da ko gidan da ya nufa nasa ne. *Loose* kalma ce, *advice* kalma ce, duk suna cikin rajista. Na zamani sukan kama wasu irin waɗannan, su tsallake wasu, ba abin jingina ba ne.

*Loose* mai "o" biyu da sautin "s" take ƙarewa, kuma tana nufin sako-sako. Wandon da ya yi wa yaro yawa a ƙugu, notin da ya kwance a keke, akuyar da ta tsinke igiya ta faɗa gonar mutane, duk *loose* ne. *Lose* mai "o" ɗaya da sautin "z" take ƙarewa: rasa abu, ko shan kaye a wasa ko a zaɓe. Daga gidanta *lost* ta fito, da *loss* wato asara.

Ban ga laifinki sosai ba, don tarko ne aka ɗana. Kin san *choose*, "o" biyu. Kin san *nose* da *rose* da *chose*, "o" ɗaya, da wani sauti daban. Hankali sai ya ce ai wadda ta yi amo da *choose* dole ta yi shigarta. To ita *lose* bauɗaɗɗiya ce, fuskar *nose* gare ta, muryar *choose*. Abin da nake gaya wa yarana a aji shi ne: *lose* ta rasa "o" ɗaya shi ya sa take nufin rashi, *loose* kuwa "o" ya yi mata yawa har ta yi sako-sako. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina maimaita wannan, ban samo wadda ta fi ta kama kan yaro ba.

Ta biyun ta fi sauƙi. Mai "c" suna ce, mai "s" aikatau. Shawarar kanta ita ce *advice*, ba da ita shi ne *advise*. Tunda roƙonsa kike ya yi wani abu, *please advise me* za ki ce. Ki riƙe wannan biyun da kyau, don a nan kunne yana taimako, ɗaya "s" ɗaya "z", kuma su ne mabuɗin wasu da kunne ba ya rabawa: *practice* da *practise*, *licence* da *license*. Lasin da ke aljihun direba *licence* ne, aikin ba da shi *license*. Wannan a tsarin Ingila ke nan, wanda muka gada a makarantunmu. Amurkawa, da suka kama hanyarsu daban a rubutu tun ƙamus ɗin Noah Webster na 1828, sun haɗe su: *practice* ko'ina, *license* ko'ina. Yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu a kan Turancin Amurka aka saita su, shi ya sa za ki rubuta *practise* daidai ta ja miki layi. Ki sa a mayar da ita Turancin Ingila kafin a fara buga miki aiki.

Daga wani yaro mai koyon aikin ɗab'i a Tudun Wada

*Malam, ni ke shirya katin biki da kalanda a shagon maigidana. Kullum muna musu: dining ne ko dinning? Writing ko writting? Yaushe ake ninka harafi?*

Ɗana, ka taɓo mini tsohon miki, amma bari in fara ba ka amsarka.

A Hausa in muka ninka baƙi, furta shi muke. *Baba* daban *babba* daban, *daba* daban *dabba* daban, kunne na ji. A Turanci ba a furta ninkin. Alama ce kawai da ke gaya maka yadda za ka karanta wasalin da ya gabata. In baƙin ɗaya ne, wasalin yakan faɗi sunansa, ya miƙe. In biyu ne, sai ya gajarce. Don haka *dine*, cin abinci, ta ba da *dining*. *Dinning* daga *din* take, wato hayaniya mai cika kunne, kuma duk mai gidan haya da ya tallata *dinning room* ɗakin surutu ya tallata. *Hoping* fata ne, *hopping* tsalle-tsalle irin na kwaɗo. *Planning* shiri ne, *planing* gogar katako da kafinta ke yi. *Later* an jima, *latter* na biyun cikin abu biyu da aka ambata. *Writing* da "t" ɗaya, *written* da biyu, kuma in ka faɗe su a hankali za ka ji dalilin a wasalin "i". Dokar tana da 'yan tawaye, kamar kowace dokar Turanci, amma za ta fishshe ka a mafi yawan aikinka.

Yanzu mikin. Shekarar da na aurar da 'yata ta fari, na kai aikin kati wani shago. Aka ba ni gwaji in duba. Na zauna a benci, na sa tabarau, na duba sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya don kada wani kawu ya ce an rage masa Alhaji, na duba rana da lokaci da masallaci, na sa hannu. Aka buga, aka raba. Kwana biyu sai ga wani tsohon ɗalibina a ƙofar gida bayan la'asar, yana ta sunkuyar da kai yana murza hula. Da kyar ya zaro katin ya nuna mini da ɗan yatsa. Manyan haruffa masu ruwan zinare, a tsakiya: WEEDING FATIHA. *Wedding* ɗaurin aure, *weeding* cire ciyawa a gona. Malamin Turanci guda ya gayyaci rabin Zariya noman firi! Ranar ɗaurin auren wani abokina ya rungume ni a bainar jama'a yana tambaya ko ya koma gida ya ɗauko fartanya. Har yau in mun haɗu a jana'iza ko suna sai ya tambaye ni yaushe ne maimai.

Na san kalmar sarai. Idona ne ya ga abin da yake sa ran gani. Ƙananan rubutu na bi da tsoro, babban kuwa na tsallake shi don na ɗauka ba mai kuskure a nan. Tun daga ranar, in zan duba gwaji daga kalmar ƙarshe nake farawa in yi baya, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, don kada ma'anar jimla ta ja ni da gudu. Manyan haruffa kuma harafi-harafi nake karanta su da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Ka gwada, kuma kada ka yarda wanda ya buga abu ya zama shi kaɗai ne mai duba shi.

Daga wani dattijo a cikin Birni, wajen Ƙofar Doka

*Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, jikokina ke karanta mini shafinka. Abin da na fahimta shi ne Turanci harshe ne marar tsari. Me ya hana su rubuta abu yadda suke faɗinsa, kamar Hausa da Larabci?*

Allah ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya da nisan kwana. Rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Haruffansu 26 ne, sautukan da suke furtawa kuwa sun kai wajen 44, ka ga tun daga nan riga ta yi wa mai ita kaɗan. Sannan tarihi ya yi ta yi musu ɗori. A 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru, kalmominsa suka kwararo da irin rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a takarda. Baki kuwa bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 lafazin dogayen wasulansu ya sauya ƙwarai. *Meat*, nama, da *meet*, haɗuwa, da can ba ɗaya ake faɗarsu ba. "K" ɗin da ke farkon *knight*, barde, da furta ta ake yi, daga baya ta mutu a baki ta bar gawarta a takarda, kalmar ta koma amo ɗaya da *night*, dare. Wasu masana kuma suka ƙara gishiri: suka cusa "b" cikin *debt*, bashi, don kawai a tuna asalinta na Latin, alhali ba mai furta ta.

Amma ranka ya daɗe, ɗaya rabin ba zan bari ya wuce ba. A rubuta maka *gari* a allo: na zama ne ko na tuwo? *Wuya*, ta jiki ko ta rayuwa? *Kuka*, na hawaye ko ta miya? *Fari*, launi ne ko rashin ruwan sama? Ba ka rikicewa don harshenka ne, jimla ke gaya maka. Bature mai koyon Hausa kuwa a nan yake zufa, kamar yadda jikokinka ke yi a gaban *lose* da *loose*. A shekarun 1930, lokacin da nan Zariya ce cibiyar aikin talifin Hausa, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta na Hausa, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda gininsa ke Tukur-Tukur. Sun ba mu ƙugiya, amma tsawon wasali da hawa da saukar murya an bar wa mai karatu ya cika da kansa.

Ƙugiyar ma yau waya ta cinye ta. A aiko maka da saƙo "ya bata kudi": ya ba ta kuɗi ne, ko ya ɓata kuɗi? Ɗaya kyauta, ɗaya ɓarna, kuma na san gidan da aka kwana ba a ga maciji kan irin wannan saƙo. *Ƙura* ta zama *kura*, *ɗaiɗai* ta zama *daidai*. Na *ƙashi* kuwa ba zan ƙarasa ba, akwai yara a wurin. Larabcin ma da Baba ya kafa hujja da shi, ɗigo ne ke raba ba da ta da sa, kuma kowane almajiri an ja masa kunne kan ƙalbu, zuciya, da kalbu, kare.

Daga wani jami'in ƙungiyar direbobi a Sabon Gari

*Malam, mun kafa allo a bakin tasha, NO PACKING, wani fasinja ya ce ba haka ake rubutawa ba. Sannan yarona ɗan jami'a an yi masa dariya da ya ce zai "depend" aikinsa na ƙarshe. Ina matsalar?*

Shugaba, matsalar a kunne take, hannu bin umarni kawai ya yi. Mafi yawan kurakuran da nake gani a rubutun mutanenmu daga nan suke: mun haɗe sautuka biyu a baki, sai mu haɗe su a takarda.

*Pack* ɗaure kaya ne, *park* ajiye mota, wadda muka ara muka ce fakin. Allonku ya hana ɗaure kaya a tasha, abin da ko gwamna bai isa ya hana ba. Turawan Ingila ba sa furta "r" ɗin *park*, jan wasalin suke yi, kuma Bahaushe bai kamata wannan ya gagare shi ba, shi da ke raba garin zama da garin tuwo da tsawon wasali kaɗai. Ja ta, *park*. Datse ta, *pack*.

Ta yaronka kuwa tsohuwar cutarmu ce. Hausa ba ta ware "p" da "f" a matsayin haruffa biyu ba, shi ya sa duk abin da muka aro da "p" ya koma "f": fensir, famfo, fenti, fasinja, firamare. Babu aibu a nan, Hausa ce. Aibun sai an shiga Turanci, inda *defend* kare abu ne, *depend* dogara. *Full* cikakke, *pull* ja. *Pool* tafki, *fool* wawa. *Supper* abincin dare, *suffer* shan wahala, kuma na taɓa ganin takardar gayyata da ta kira baƙi su zo *suffer* ƙarfe takwas. Mu Zage-zagi da Kanawa ke wa tsiyar "yarinya ne" mun san zafin a yi wa mutum dariyar harshe, don haka ba zan taya su ba. Magani zan ba shi. Ya tsaya gaban madubi. In zai ce "f", haƙoran sama su sauka kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarowa. In zai ce "p", leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su fashe. Ya riƙe 'yar takarda a gaban baki: a "p" za ta yi tsalle. Minti biyar kowace safiya, *pan, fan, pile, file, copy, coffee*, har ranar da zai tsaya gaban malamansa.

Daga wata malamar firamare a Gyallesu

*Malam, a taƙaice don Allah: principal da principle, diary da dairy, dying da dyeing.*

Malama, a taƙaice. *Principal* shugaban makaranta, ko babba cikin abubuwa, ko uwar kuɗi a harkar bashi. *Principle* ƙa'ida ko aƙidar da mutum ya tsaya a kai. Ana son kowane *principal* ya zama mai *principle*, ba kullum ake dacewa ba.

*Diary* littafin da ake rubuta al'amuran kowace rana, asalinta kalmar Latin ce mai nufin yini. *Dairy* harkar madara da nono da man shanu, irin abin da ake bincike a kai a cibiyar dabbobi ta Shika. Musanya wurin "i" da "a" kawai aka yi, shi ya sa yatsa ke zamewa a waya.

*Dying* mutuwa ake cikin yi, *dyeing* rini. Da gangan aka bar "e" ɗin a ta biyun don kada su haɗu, kuma marinin da ya yar da ita a allonsa ya mayar da marina ɗakin jinya. Suna da 'yan'uwa da za ki iya ba 'yan aji shida su yi dariya: *singing* waƙa, *singeing* babbaka. Ki tambaye su wanne mahauci ke yi wa kan rago da safiyar Babbar Sallah. Wani zai ce duka biyun, ki ba shi makinsa.